Rana ba ta ƙarya: lissafin da ke jiran yaran Tasawa da Mayahi a bakin foraj

Ranar 7 ga watan Afrilu ita ce ranar da ƙasar Nijar ta keɓe wa makamashin da ba ya ƙarewa, domin tunawa da Farfesa Abdou Moumouni Dioffo wanda ya rasu a Yamai a irin wannan rana cikin shekarar 1991. Akan yi jawabai, a baje kayan hasken rana, a ɗauki hotuna, kowa ya kama gabansa. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne, wannan bawan Allah gado biyu ya bari: ɗaya na rana, ɗaya na makaranta, kuma a wurinsa su biyun ba su taɓa rabuwa ba. Mutanen gundumomin Tasawa da Mayahi sun fi kowa haƙƙin tambayar inda gadon nan ya kwana, domin a garin Tasawa aka haife shi, ranar 26 ga watan Yuni na 1929.

Tarihinsa ba ɓoyayye ba ne. Ya yi karatu a Damagaram da Yamai, ya wuce makarantar William Ponty a ƙasar Senegal, daga nan sai Faransa, inda a 1956 ya ci babbar jarrabawar nan ta malaman lise da ake kira agregasiyo a fannin kimiyyar fizik, abin da wani ɗan ƙasashen Afirka renon Faransa bai riga shi yi ba. Ya ƙaro ilimin hasken rana a Tarayyar Sobiyet, ya kafa ɗakin binciken hasken rana a Bamako cikin 1964, sa'an nan ya komo gida a 1969 ya riƙe ma'aikatar ONERSOL har zuwa 1985. A can aka ƙera tukwanen dafa ruwa da murahun girki masu aiki da zafin rana. Ya shugabanci jami'ar Yamai daga 1979, kuma tun 1992 jami'ar take ɗauke da sunansa.

Gado na biyu littafi ne, L'Éducation en Afrique, wanda ya fito a 1964. A cikinsa ya soki makarantar da Turawan mulki suka bari, wadda ke raba yaro da harshensa da aikin iyayensa, ya nemi a koyar da yara cikin harsunan ƙasa, a kuma haɗa karatu da aikin hannu mai amfani. Shekaru fiye da sittin ke nan da wannan kira, amma har yanzu lissafin lakwal yana gefe guda, farantin hasken rana yana wani gefen.

Halin da lissafi yake ciki

Babu mai musun cewa lissafi yana jin jiki a makarantun boko na ƙasar nan. Binciken PASEC, wanda ke auna ɗaliban ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna a 2014 cewa fiye da yara 9 cikin 10 da suka kai ajin ƙarshe na firamare a Nijar ba su kai matakin da ake bukata a lissafi ba. Da aka sake awon a 2019 an samu ci gaba, amma duk da haka waɗanda suka tsallake ba su kai 1 cikin 4 ba.

Wanda ya ji waɗannan alƙaluma zai zaci ko yaran ne ba su da kai. To, ya shiga kasuwar Tasawa ko ta Kanambakashe ya tsaya wajen yarinya mai tallar ƙuli-ƙuli. Kuɗin da ke rubuce jikin tsaba da takarda da tamma aka rubuta shi, ita kuwa da dala take ciniki. An rubuta 100, ta ce dala ashirin. An rubuta 375, ta ce dala saba'in da biyar. Wato kullum tana raba lamba gida biyar a cikin kanta, ba allo ba alli, kuma ba ta ɓata canji. Yaron da ke taya ubansa awon hatsi ya san tiya nawa ke cikin buhu, ya san ribar da za ta fito in an sayo da kaka aka sayar da bazara. Yaran nan su ne dai za su zauna a aji, a rubuta musu rabawa a bango cikin harshen da ba su gama ji ba, su yi tsuru-tsuru. A kasuwa lamba tana da abin da take nufi, wanda ya yi kuskure kuwa aljihunsa zai gaya masa. A aji lamba ta zama waƙar hadda, ba a san inda ta fito ba, ba a san inda za ta ba.

Lissafi kuwa ba baƙo ba ne a wannan yanki. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, mutumin ƙasar Katsina, ya rubuta littafi a kan jera lambobi cikin gidajen hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741, kuma masana tarihin lissafi na duniya suna ambatonsa har gobe. Malaman zaure da ke raba gado, kashi ɗaya cikin takwas, kashi biyu cikin uku, aikin lissafi suke yi.

Littafin da ke bisa rufi

Farantin hasken rana, wanda ƴan kasuwa ke kira panno, ya daɗe da shiga makaranta a Nijar. Tun a 1968, zamanin talabijin ɗin makaranta da aka soma a 1964, an yi amfani da shi wajen kunna akwatin kallo a wani aji kusa da Yamai. A wancan lokaci faranti bara ne na akwati. A yau kuwa ya bazu ko'ina: bisa rumfar mai cajin salula, bisa rufin ɗakin shan magani, a bakin foraj, a garken albasa. Kowane ɗaya daga cikinsu littafin lissafi ne buɗaɗɗe, in an sami mai karanta wa yara.

A ɗauki darasi na farko, wanda ɗan aji biyar ko shida zai iya. Faranti ne mai ƙarfin wat 100, kamar yadda aka rubuta a bayansa. Ranar wannan yanki tana ba da ƙarfin da bai gaza na awa 5 cikakku ba a wuni. Wat 100 sau 5, an sami wat-awa 500. Zafi da ƙura da waya sukan ci wajen kashi ɗaya cikin huɗu, saura 375. In aji yana da ƙwan fitila 4, kowane wat 5, ana kunna su awa 4 da dare don masu bita, sun ci 80, saura 295. Cajin salula guda yana cin wajen 10, ke nan ragowar za ta ishi wayoyi 29. Yanzu sai malami ya yi tambaya: in aka kawo talabijin mai wat 60, aka kunna ta awa 5, yaya ke nan? Yaro zai ninka ya sami 300, ya ga ta zarce 295 tun ba a caja waya ko ɗaya ba. Daga nan ya gane dalilin da ya sa batirin gidansu ya mutu kafin shekara ta zagayo: kullum ana ɗibar abin da ya fi wanda aka zuba. Zai kuma koyi cewa batir mai ruwa na volt 12 da amfer-awa 100 yana ɗaukar wat-awa 1200, amma rabi kaɗai ya kamata a taɓa in ana son ya yi ƙarko. A darasi guda an yi ninkawa, an yi ɗebewa, an yi rabawa, an yi kaso, kuma ba wanda ya yi hamma.

Darasi na biyu na ƴan kwaleji ne, kuma a bakin foraj za a yi shi. Duk wanda ya san ƙauyukan arewacin Mayahi da na wajen Urafan ya san yadda rijiya ke da zurfi, ya san yadda mata da shanun ja ke wuni a bakinta. A ɗauka ƙauye ne mai mutum 1000, kowa lita 20 a rana: lita dubu 20 ke nan, wato tano 100 masu lita 200. A ɗauka ruwan yana mita 50 a ƙasa, shato kuma yana mita 10 a sama, jimla mita 60. Ƙa'idar kimiyya ita ce, ɗaga lita 1000 zuwa mita 10 yana cin wat-awa 27. Mita 60 ke nan 162, sau 20 ya zama 3240. Famfo da injinsa sukan ɓatar da wajen rabin ƙarfin da aka ba su, don haka sai a ninka biyu, 6480. A raba da awa 5 na rana, an sami wat 1296. Faranti mai wat 300, in an cire kashi ɗaya cikin huɗun nan, 225 yake bayarwa. Faranti 5 sun gaza, sai 6. Yaron da ya bi wannan hanya da kansa, ranar da ɗan kwangila ya zo ƙauyensu ya ce faranti 3 sun isa, ko ya rubuta 20 a takardar kuɗi, zai san tambayar da zai yi masa. Shi kansa shaton darasi ne: in faɗin bakinsa mita 3 ne, tsayinsa mita 3, zai ci lita dubu 21 da ƴan kai, wato ruwan wuni guda cif. In an ƙara shanu da awaki cikin lissafin, sai a sake daga farko, kuma sakewar ita ce koyon.

Darasi na uku ba ya bukatar ko sisi. A kafa sanda mai mita 1 a filin makaranta, a auna inuwarta. In inuwar rabin mita ce, inuwar shato kuma mita 5 a daidai wannan lokaci, to tsayin shato mita 10 ne, ba tare da kowa ya hau ba. Wannan ita ce ƙa'idar Tales da ake haddacewa a kwaleji ana kuka da ita. Da inuwar nan kuma za a nuna wa yara dalilin da ya sa ake fuskantar da faranti kudu, a ɗan kishingiɗa shi wajen digiri 15: Tasawa da Mayahi suna wajen digiri 14 ne arewa da tsakiyar duniya, kuma kishingiɗar tana taimaka wa ƙura da ruwan sama su gangare. Lokacin hunturu, in buji ya taso, sai a ajiye ƙananan farantai biyu iri ɗaya, ana goge ɗaya kowace safiya, ɗayan a bar shi. Yara su riƙa auna abin da kowanne ke bayarwa da ƴar na'urar masu gyaran rediyo, suna rubutawa a kaye har wata guda, sa'an nan su zana layin hawa da sauka. Gani ya kori ji. Bayan wannan ba sai an roƙi kowa ya goge farantin foraj ba.

Darasi na huɗu shi ne wanda zai fi tada ƙura, domin ya taɓa asusu. A ɗauka ana sayar da bido mai lita 20 a kan dala ɗaya. Lita dubu 20 bido 1000 ke nan, dala 1000, wato jikka 5 a rana, jikka 150 a wata. Akwai kwantar a bakin bututu mai nuna yawan ruwan da ya fita. In yara suka karanta kwantar farkon wata da ƙarshensa, suka ga ruwan jikka 150 ya fita, akwatin kwamiti kuwa jikka 110 ke ciki, to jikka 40 sun yi ɓatan dabo, fiye da kashi 26 cikin ɗari. Ko bututu ke yoyo, ko bashi ne ba a rubuta ba, ko kuwa wani hannu ne ya yi tsawo. Foraj da yawa ba rana ce ta kashe su ba. Ranar da famfo ya lalace aka buɗe akwati, sai aka tarar ba kuɗin gyara.

Abin da ya shafi ɗan kasuwa da ma'aikaci

Mai karatu zai tuna da watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Kafin nan wajen kashi 70 cikin ɗari na wutar da NIGELEC ke rabawa daga can take fitowa, kuma jihohin Maraɗi da Damagaram sun dogara ne da layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa. Sai a watan Maris na 2024 aka maido da ita. A tsakanin nan masu injin niƙa, da masu walda, da masu sayar da ƙanƙara sun ɗanɗana kuɗarsu, kowa ya tabbata zanen aro ba ya rufe katara. Ƙasa ta gina tashar hasken rana mai megawat 7 a Malbaza cikin 2018, da mai megawat 30 a Goru Banda cikin 2023. Amma a ƙididdigar Bankin Duniya ta 2022, wajen mutum 1 cikin 5 ne kawai ke da wutar lantarki a Nijar, a karkara kuwa abin bai kai haka ba. Ƙauyukan Korgom da Hawandawaki da Sarkin Hausa za su daɗe suna dogaro da ƙananan farantai, kuma ƙaramin faranti yana bukatar mai lissafi a kusa da shi.

Ɗan kasuwar da ke sayar da faranti da batir yana iya ganin jahilcin mai saye riba ce gare shi. Ribar kwana kaɗan ce. Wanda aka sayar wa kayan da ba su dace da bukatarsa ba, batir ya mutu cikin wata shida, zai koma ƙauye ya ce kayan rana ƙarya ne, ya hana mutum goma saye. Kuma ɗan kasuwar da kansa yana bukatar yaron shago da zai iya karanta abin da ke bayan faranti, ya bambance mai kyau da jabu kafin a cika mota da shi. Ma'aikacin gwamnati kuwa, ko na ma'aikatar ruwa ne ko na lafiya, ya san yawan kayan da masu ba da agaji suka kafa, aka yi buki da kiɗa, bayan shekara biyu suka zama wurin kwanan tantabaru saboda ba wanda ya san kansu a garin. Ɗakin shan maganin da firjin rigakafinsa ya tsaya don an jona masa cajin wayoyin unguwa, rashin lissafin darasi na farko ne ya jawo.

Inda gizo ke saƙa

Masu ja da wannan magana suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Na farko, malaman ƙauye da yawa ƴan kwantaragi ne da ba su sami horo mai zurfi ba, wasunsu ma lissafin yana ba su tsoro. Na biyu, ajin zana ba ya tsayuwa sai an gama girbi an sami kara, ga yara sun yi wa malami yawa, ga manhaja mai tsawo da sufeto ke jiran a gama. Na uku, akwai tsoron kada wasa da waya da faranti ya cinye lokacin haddar jadawalin ninkawa.

Hujja ta uku tana da gaskiya a ciki: yaron da bai riƙe 7 sau 8 ba, faranti ba zai riƙe masa ba. Hadda tana nan daram, aikin faranti shi ne ya nuna wa yaro abin da haddar za ta yi masa. Game da lokaci kuwa, duk abin da aka lissafa a sama yana cikin manhaja tun asali: ninkawa, kaso, awon cikin tulu, kusurwa, zanen layi. Misali kawai za a sauya, a bar jirgin ƙasan da yaro bai taɓa gani ba, a ɗauko shaton da yake gani kullum. Maganar malamai ita ce mai nauyi, kuma maganinta yana cikin jiha. Birnin Maraɗi yana da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, yana da lisen fasaha ta Dan Kassawa, yana da makarantar horon malamai. Ɗaliban da ke karatun lantarki a can ƴaƴan garuruwan nan ne, kuma suna komowa hutu. Kwana uku tare da malaman yanki guda ya isa a koya musu darussan nan huɗu.

Akwai kuma kashedi. Yara ba su da hurumin taɓa wayar NIGELEC, ko ruwan batir, ko akwatin injin foraj. Ƙaramin faranti da ƙwan fitila na volt 12 sun wadatar a aji, abin da ya fi haka sai kallo da awo daga nesa, tare da mai kula da famfo.

Sai batun harshe. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram, kuma a watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ba laifi ba ne malami ya bar yaro ya yi lissafinsa da dala da tiya da tano, ya faɗi yadda ya yi da bakinsa, sa'an nan a juya shi zuwa tamma da kilo da lita a rubuce. Wanda ya fahimta da harshen uwarsa, sanya wa abin sunan Faransanci ba zai gagare shi ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Kayan da ake bukata ba su fi ƙarfin gari ba: ƙaramin faranti ɗaya ko biyu, na'urar awo, igiyar awon tela, ƙwan fitila, da kaye guda da zai zauna a aji. Kwamitin COGES na kowace makaranta yana iya sa su cikin tsarin aikinsa na shekara. Alhazan Tasawa da Mayahi da ke fatauci zuwa Kano da Kwatano da Agadas, waɗanda ba su taɓa ƙyashin taimakon garuruwansu ba, in kowannensu ya ɗauki makarantar ƙauyen da aka yanke masa cibiya, ba za a ji nauyin abin ba. Kwamitin ruwa ya buɗe wa ɗalibai kwantar da littafin asusu sau ɗaya a wata. Mai gaskiya ba ya tsoron awo. Sufetocin makarantu su yarda cewa awa ɗaya a bakin shato karatu ne, kada su rubuta wa malami laifin barin aji. Kuma a tabbata ƴan mata suna sahun gaba, domin su ne ke ɗaukar bido, su suka fi kowa sanin nauyin lita 20.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka haifa a Tasawa cikin 1929 sai da ya ƙetare teku kafin ya sami inda zai auna ranar da ya baro a gida. Na yau ga faranti a ƙofar gidansu, ga shato a bayan makaranta. Abin da ya rage shi ne a miƙa musu igiyar awo, a ce su faɗi abin da suka samu. In ranar 7 ga Afrilu ta zagayo, ɗaliban wata makaranta a Maijirgi ko Isawan suka tsaya gaban iyayensu suka karanta yawan ruwan da foraj ɗin garin ya ɗaga cikin shekara, da kuɗin da ya kamata a tarar a akwati, to a ranar ce ƙasar Tasawa za ta ce ta karɓi gadon ɗanta. Allah ya sa masu abin faɗa su ji.